Wendell Da Sunan Da Duk Gari Ke Kira

A layinmu da ke bayan tsohuwar tashar bas ta Laredo babu wanda bai san Wendell Tackett ba, duk da cewa bai cika shekara da zuwa garin ba. Dogo ne, ja wur, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ɗan wani manomin masara daga Nebraska. A can ya auri Araceli. Da ta samu ciki ta ce ita fa a gaban uwarta za ta haihu, suka tattara komatsansu suka dawo ɗakin baya na gidan uwar tata, Doña Remedios.

Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya faɗa, yana ɗaukar wa tsofaffi kaya. Ciwonsa ɗaya ne, ya yarda har cikin ransa cewa yana jin Sifaniyanci. Ya taɓa zuwa hutu bakin teku a Meziko, ya dawo da ƙatuwar malafa da 'yan kalmomin da ba za su cika cokali ba, tun daga nan ya naɗa kansa tafinta.

"Ni kunne gare ni," haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya. "Harshe sau ɗaya nake ji ya zauna."

In surukarsa ta yi masa magana, sai ya gyaɗa kai da ƙarfi ya ƙyalƙyale da dariya, don ya lura tsohuwar na son raha. Ranar da ta tsare shi a kicin tana ba shi labarin yadda aka yanke wa ƙanwarta ƙafa, haka ya yi, har da buga tebur. Doña Remedios ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta ce, "Duk faɗin Nebraska wannan kika samo?" Ita kuma bakinta bai taɓa kai ƙarshen sunansa ba. Wendi take ce masa, sunan mata, duk layin kuwa suka ɗauka.

Rigimar suna ta tashi ne wata Lahadi, bayan likita ya tabbatar namiji ne. Ana cin abincin rana, an jingina waya a jikin jug ɗin ruwan lemo don Glenda, mahaifiyar Wendell, ta ga kowa daga Nebraska. Chebo mahauci, yayan Araceli, shi ke fassara tsakanin tsofaffin biyu, don babu mai jin yaren 'yar'uwarta.

"Ignacio za a sa masa," in ji Doña Remedios. "Sunan marigayi mijina. A riƙa kiransa Nacho, kamar kakansa."

"Nacho?" Glenda ta matso har hancinta ya cika wayar. "Abin nan da ake ci da cuku a gidan sinima? Jikan nawa?"

"Me ta ce?" in ji Doña.

"Ta ce Baba yana da daɗi da cuku," in ji Chebo.

Doña ta dafe ƙirji. Araceli ta harbi yayanta ta ƙarƙashin tebur.

Glenda ta ce ita Cole take so, gajere ne, mai tsabta. Chebo ya ce a nan kabeji ke nan, in an haɗa shi da Nacho an samu cikakken abinci. Ta ce to Hugo, ta ja shi yadda mutanensu ke ja, "Hyuugo." Doña Remedios ta ji kalma ta farko da ta gane a bakin matar nan, domin kuwa haka ake kiran ruwan lemo da Sifaniyanci. Ta yi maza ta ɗaga jug. Waya ta kife cikin kwanon wake. Glenda ta ci gaba da magana daga ƙarƙashin romo, tana tambaya ko wuta aka ɗauke.

A nan Wendell ya miƙe tsaye, ya ƙwanƙwasa kofi da cokali.

"Ku saurara. A teburin nan mutum nawa ne ya san harsunan nan biyu ciki da bai?"

Araceli da Chebo suka ɗaga hannu.

"Ban da ku. Ku tashi kuka yi kuka tsinci kanku a ciki. Ni da ƙwaƙwalwa na shige shi. Ku bar mini. Zan samo suna guda, rubutu guda, wanda Mama za ta kira ta ji daɗi, Doña ta kira ta ji daɗi. Ranar walimar jiran haihuwa zan sanar a gaban kowa. Kafin nan ko Araceli ba za ta ji ba."

"Suruki, ko gishiri ba ka iya roƙa ba a gidan nan," in ji Chebo. "Jiya gishiri ka nema, abin da ya fito daga bakinka 'fita' ne, Mama ta buɗe maka ƙofa."

"Lafazin bakin teku ne. Ku 'yan tudu ba za ku gane ba."

Araceli ƙafafunta sun kumbura, bayanta na ciwo, ta gaji da jan magana. Ta ce, "Na bar maka, Wendell. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ɗana ya tashi kakarsa ta nan na kiransa wani abu, ta can na kiransa wani, shi yana tsakiya bai san wa ake nufi ba. Kuma kada a yi masa dariya a makaranta."

"Ki ɗauka an gama," in ji Wendell.

Da shagon gahawa ya fara, inda ake tambayar mutum sunansa a rubuta a jikin kofi, in an haɗa a kira shi. Dabararsa ita ce ya riƙa ba da sunaye daban-daban ya ji yadda za su fito a bakin mutane. Ya shiga layi ya ce shi Felix ne. Aka kira, ya karɓa, ya shanye, ya koma bayan layi ya zama Oscar. Daga nan ya zama Julian. Yarinyar da ke kira ta ce "Huliyan," ya ce ba shi ba ne, ta ce to babu wani, ya karɓa yana gunaguni. Shi kuma ba ya iya zubar da abin da ya saya, duk kofin da aka miƙo sai ya ga gindinsa. Kafin rana ta take idanunsa sun firfito, gwiwoyinsa na kaɗawa, yana magana kamar mai gwanjo.

"Suna?" in ji yarinyar.

"Jo-a-kwin."

"Hwakin kake nufi?"

"Yarinya, ni na san sunana."

Ta ajiye alƙalami ta kira mai shagon. Ya fito yana goge hannu, ya ƙare wa Wendell kallo.

"Malam, ɗazu kai ne Felix. Ka zama Oscar, ka zama Huliyan. Matarka kake ɓuyar wa ko 'yan sanda?"

"Bincike nake yi."

"To je ka ƙarasa shi a waje. Kuma sakar mana teburin nan, kana zubar wa mutane abin sha."

Washegari Wendell ya ce laifin kofi ne. Suna a iska ake gwada shi, yadda uwa ke ƙwala wa ɗanta kira da yamma. Ya tafi filin shaƙatawa na bakin kogi, ya tsaya kusa da lilon yara, ya cika ƙirji.

"Bruno!"

Karnuka biyu suka taho a guje, ɗaya na jan wata tsohuwa da igiya.

"Milo! Max!"

Wasu suka ɓullo ta bayan bishiyoyi. Matan da ke zaune a benci suka taso, babbar cikinsu ta dafa masa hannu ta ce, "Bawan Allah, yaro ne ya ɓace maka?"

Da Sifaniyanci tambayar ta zo, don haka Wendell ya gyaɗa kai da ƙarfi ya ƙyalƙyale da dariya. Matar ta ce wa sauran kaɗuwa ce ta taɓa masa kai. Nan da nan mata suka bazu cikin fili suna kiran Bruno da Milo, mai sayar da dafaffiyar masara ya bar kekensa, wani ya tuɓe takalmi zai faɗa ruwa. Sai ga ɗan sanda a kan keke.

"Kai ne uban yaron?"

"Ni ne," in ji Wendell, yana gyara tsayuwa.

"Sunansa?"

"Shi ne ban yanke ba tukuna."

"Shekarunsa nawa?"

"Bai fara ba."

"Me ke jikinsa?"

"Ba komai, ina jin."

Wata mai jin Turanci ta fassara wa sauran. Aka ɗau ihu, jariri tsirara a bakin kogi.

"Malam, nutsu. A ina ka gan shi na ƙarshe?"

"A talabijin ɗin asibiti. Ya juya mana baya, amma likita ya ce lafiyarsa ƙalau."

Ɗan sandan ya cire hula ya share goshi. "Yanzu, a wannan lokacin da muke magana, yaron yana ina?"

"Cikin uwarsa mana. Ina zai je?"

Totuwar masara aka fara jifansa da ita, sannan takalmin mutumin da ya so shiga ruwa. Ya fita daga filin da gudu, karnuka na biye da shi suna kaɗa jela. Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Chebo na zaune a baranda ya ce, "Sannu da zuwa, baban Bruno," maƙwabta suka ɗau haushin kare daga bayan shinge.

Da wani ne, da ya haƙura. Wendell kuwa cewa ya yi duk babban bincike sai an jefi mai shi. Ranar Laraba yana kan tsani a bayan wani kantin kayan gini, sai ga babbar mota na ja da baya. Wani mutum na tsaye a bayanta yana kaɗa hannu yana cewa, "Dale! Dale! Dale!" Wendell ya ce a ransa direban nan kurma ne, ana ta kiransa ya ƙi waiwaye. Can wata motar ta zo, da wani direban daban, aka sake, "Dale, dale!" Ya ce ikon Allah, sunansu ɗaya. Da yamma ya bi ta filin ƙwallon yara, ya tarar iyaye mata sun miƙe tsaye suna ihu, "Dale! Dale!" Duk yaron da ƙwallo ta zo ƙafarsa Dale ne, har mai tsaron gida.

To ko jinjirin Laredo ya san dale ba sunan kowa ba ne. Abin da ake ce wa mutum ne in ana so ya ci gaba, ko ya taho, ko ya ƙara wuta, ko ya kai duka. Wendell bai tambayi kowa ba, tafinta ai ba ya tambaya. A hanyar gida ya bi ta gaban shagon da ake sayar da mutum-mutumin jaki na takarda don biki, irin waɗanda ake cika wa ciki da alewa a rataye, yara su fasa da sanda. A saman ƙofar an rubuta kalmar da manyan baƙaƙe: DALE. Ya taka birki har na bayansa ya zage shi. Haka ake rubuta sunan mahaifinsa, ba ragi ba ƙari. A Nebraska Deyil ake cewa, a nan Dale, amma a takarda abu ɗaya ne.

"Sunan Baba!" ya faɗa a fili. "Ashe rabin garin nan takwarorin Baba ne ban sani ba!"

Tsoho Deyil mutum ne da kan wuni a gona bai ce uffan ba. Da ɗansa ya gaya masa a waya cewa sunansa za a sa wa jaririn, sai da ya sake tambaya.

"Sunana?"

"Sunanka, Baba. Amma sirri ne, ko Mama kada ta ji. Kuma a nan Dale suke faɗa. In ka ji an ce haka, kai ake nufi."

Tsohon ya yi gyaran murya, ya ce ƙaiƙayin masara ne ya shiga masa ido. Mutumin da bai taɓa son kwana nesa da gonarsa ba, ya bar wa maƙwabci amanar shanu, ya wanke a-kori-kurarsa, ya sayi sabuwar hula.

Wendell kuwa ya sa kafinta ya sassaƙa sunan a jikin allon katako. Ya sayi jakin da ya fi kowanne girma, ya farke cikinsa, ya cusa allon tare da alewa. Da ya ga cikin na neman ɓarkewa, ya naɗe jakin kaf da salatif ɗin aikinsa, wanda ake liƙe bututu da shi, ya bi da gam, ya mayar da takardu masu launi a kai. A lissafinsa za a fasa jaki, suna ya faɗo daga sama, tsofaffin mata biyu su rungume juna suna kuka.

Ranar walima layin ya cika da motoci. Iyayen Wendell suka iso da hantsi, wurin ajiye mota ɗaya ya rage, kuma sai an shiga da baya. Mazan unguwa suka taso taimako.

"Dale, dale!"

Tsohon ya taka birki ya leƙo. "Na'am?"

Suka dube shi, ya dube su. Ya mayar da kai, mota ta motsa.

"Dale!"

Birki. "Ni ne. Sannunku." Ya ɗaga musu hula. "Glenda, kin ji? Sun san ni."

"A ina suka san ka? Gyara motar nan ka tare wa mutane hanya."

Sai da Chebo ya karɓi tuƙin aka samu motar ta shiga. Wendell na kallo daga baranda, ƙirjinsa kamar ya fashe. Tun ba a sanar ba unguwa ta karɓi suna.

Aka ci gasasshen nama da tortiya, wainar masararsu, a bayan gida, aka buɗe kyaututtuka. Doña Remedios da Glenda na zaune gefe da gefe, kowacce na yi wa 'yar'uwarta murmushin haƙori. Sannan aka zo kan jaki. Aka ɗaure bakin igiya ɗaya a bishiya, Chebo ya hau rufin gareji da ɗayan, aka rufe wa yarinya ta farko ido aka ba ta sanda. Tana ɗagawa taro ya ɗauka da tafi, "Dale! Dale! Dale!"

Gaban Wendell ya faɗi. Wa ya tona? Ya harari Chebo, ya harari matarsa, ya ce a ransa kafintan nan ba shi da amana. A can gefe tsoho Deyil ya miƙe ya rusuna wa jama'a, Glenda ta jawo shi ta wando ya zauna.

Sanda kuwa dawowa take kamar an doki tayar mota. Yara suka gwada ɗaya bayan ɗaya har wani ya fashe da kuka. Samari suka karɓa, sanda ta karye, aka ɗauko ƙotar shebur. Jaki na lilo, ko gezau. Doña Remedios ta ajiye farantinta ta naɗe hannun riga.

"Ku ba ni nan. Tun ba a haife ku ba nake kakkaɓe katifu a gidan nan."

Aka ɗaure mata ido, aka jujjuya ta. Taro ya sake ɗaukar kira. Wendell ya ga in ya ƙara minti ɗaya, kowa zai gama faɗin sunan ɗansa ban da shi. Ya ratsa mutane ya tsaya daidai ƙarƙashin jakin, ya ɗaga hannu biyu.

"Shiru! Kowa ya yi shiru! Ban san wanda ya tona asirin ba, amma ni ne uba, da bakina za a ji."

Aka yi tsit. Doña, da ba ta gane ko kalma ɗaya ba, ta tsaya da ƙota a kafaɗa tana jiran a ba ta alama.

"Wendell," in ji Araceli daga kujerarta, "matsa daga nan. Wane asiri?"

"Sunan ɗana," ya cika ƙirji, ya fito da lafazinsa na bakin teku, "Dale!"

Ƙota ta sauka a gadon bayansa, tim.

"Yawwa," in ji Doña, "yanzu na ji ya fara laushi."

"A'a, Doña! Sunan ne! Dale!"

Ta ƙara masa a mazaunai. Daga kan rufi Chebo, hawaye na zubo masa don dariya, ya ce, "Mama, kada ki ji tausayi, shi da kansa yake roƙo!" Yara da suka ji an ba da izini suka ɗauki kira, manya suka bi da tafi. Wendell ya zaga bishiya, Doña ta bi sautin takalminsa.

Tsoho Deyil ya ji taro gaba ɗaya na kiransa da ƙarfin da ba a taɓa yi ba, ya ga lokacinsa ya yi. Ya gyara hula ya shiga fili hannuwa a buɗe.

"Ga ni, jama'a, na gode, na go..."

Ƙota ta ɗauke sabuwar hular ta aika ta gidan maƙwabta. Glenda ta yi kururuwa ta faɗa ceton mijinta tana wulwula jakar hannu. Wendell, don ya tsira, ya yi tsalle ya rungume jakin ya rataya. Igiya ta fizgo Chebo daga rufi, ya zo ya zauna cikin bahon ƙanƙarar da aka jiƙa lemo. Wendell ya faɗo da baya, jaki ya faɗo a kansa, sai a lokacin cikin ya ga damar ɓarkewa. Alewa ta watsu. Allon katako ya fito ya same shi a goshi, sannan ya kwanta a ƙirjinsa, rubutu na kallon sama.

Doña Remedios ta kwance ƙyalle. Ta dubi surukinta a ƙasa, ta sunkuya ta karanta allon.

"To ai ga shi ma a rubuce," in ji ta.

Araceli dariya ta hana ta miƙewa. "Wendell! 'Doke shi' za ka sa wa ɗana? Malami ya kira suna da safe, 'yan aji su tashi su rufe shi?"

"Amma direbobi... yaran ƙwallo... duk sunansu..."

Wannan ya ƙarasa ta. Ta riƙe ciki tana dariya har da shessheƙa, sai kuma dariyar ta tsaya cak. Ta dubi ƙasa.

"Mama. Faya ta fashe."

Motar tsoho Deyil ce kaɗai ba a tare ba. Aka sa Araceli a gaba, tsofaffin mata suka matsu kusa da ita, aka ɗora Wendell a baya kamar buhun taki, ƙanƙara a goshi, alewa a gashi. Mazan unguwa suka buɗe hanya suna kaɗa hannu.

"Dale! Dale!"

Tsohon ya taka birki, ya kai hannu inda hularsa take a da.

Araceli ta damƙi hannun rigarsa. "Baba, ba kai suke kira ba! Cewa suke ka tafi!"

Ya dube ta. "Har da na ɗazu?"

"Har da na ɗazu, Baba. Tafi!"

Kunnuwansa suka yi ja, ya taka mota, Wendell ya gangara ya bugu da murfin baya.

A asibiti aka yi wa Wendell ɗinki a ƙasa, aka hau da Araceli sama. Gari na wayewa yaro ya iso, ƙato, da murya. Wendell ya shigo ɗakin kai a naɗe, yana tafiya kamar wanda ya sauko daga doki, ya tarar da jaririn a hannun tsoho Deyil. Tun da Wendell ya zo Laredo ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ni fa na zaci..."

"Na sani," in ji tsohon, idonsa na kan yaron. "Na tsufa da sunan nan, babu wanda ya taɓa kirana da ƙarfi kamar jiya. Na ji daɗina, ko na wuni ɗaya ne. Amma kada a sa wa yaron nan. Asarar hula ta isa." Ya ja zanen ya ƙara leƙa fuskar. "Goshin babana ne da shi sak. A sa masa sunansa, Saimon."

Doña Remedios ta ɗago kai. "Simon?"

"Rubutunsu ɗaya, Mama," in ji Araceli daga kan gado.

"Sunan kawuna ke nan. Mutum mai hankali, bai taɓa zuwa Nebraska ba."

Chebo ya buɗe baki zai fassara, Araceli ta dube shi, ya ce wa Glenda, "Ta ce suna ne mai kyau."

Glenda ta karɓi yaron ta ce, "Saimon." Doña ta sa yatsa a tafinsa ta ce, "Simon." Suka dubi juna, kowacce ta sake faɗin nata a hankali, tana ɗan karkatowa wajen na 'yar'uwarta.

"Sun yi kusa," in ji Araceli, ta lumshe ido. "Zai gane."

A baranda Chebo, da mura ta kama shi tun zaman ƙanƙara, ya dafa kafaɗar Wendell daidai inda ke ciwo.

"Suruki, gara ka ji daga bakina. A wurin samarin garin nan, in an ce simon, 'ƙwarai kuwa' ake nufi."

Wendell ya tsaya. "Wato duk wanda ya yarda da magana a Laredo..."

"Ɗanka ya kira."

Ƙirjin da ya lotsa tun jiya ya fara tasowa a hankali. Ranar da aka dawo da mai jego gida, tun ba a gama sauke kaya ba Wendell na jikin shinge, maƙwabta sun kewaye shi. Yana gaya musu cewa tun farko nan ya dosa. Jakin nan dabara ce ta haɗa kan iyali, dukan ma yana cikin tsari, don in ba a ga jini ba tsofaffi ba sa shiryawa. Sai mai jin harshen sosai zai gane.

"Ko ba haka aka yi ba, Chebo?"

Chebo ya fyace hanci. Ya dubi ƙanwarsa da ke shiga gida da jariri, ya dubi goshin surukinsa.

"Simon," in ji shi.

"Kun ji ko?" in ji Wendell. "Har an fara kiransa."